Soso Ba Ya Fasa Gilashi

Babana mai wanke tagogi ne. Yanzu ina faɗar haka kai tsaye, amma akwai shekarun da in aka tambaye ni sana'arsa sai in ce yana aiki a manyan gine-gine, in yi maza in sauya magana, mai tambaya ya tafi da zaton injiniya ne. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma duk wanda ya taɓa yin irin wannan wayon ya san ya fi ƙarya muni.

Shekara ashirin da shida ya yi yana rataye a jikin benaye. Abokan aikinsa Jemage suke ce masa, shi kuma yana amsawa da fara'a. Yakan hau can saman rufi ya ɗaure igiya biyu, ɗaya ta zama, ɗaya ta tsaro, ya zauna a kan wani ɗan katako da bai fi faɗin littafin rajista ba, ya saki jikinsa a bango ya riƙa saukowa hawa-hawa, bokiti a gefe, yana wankewa yana gogewa. Gajere ne, ba jiki, amma in ya riƙe maka hannu sai ka ji kamar an matse ka da filaya. Kullum ƙamshin sabulu yake yi, ko ranar da bai je aiki ba. Aji uku ya yi a makaranta ya bari, sunansa kawai yake iya rubutawa, shi ma sai ya fito da harshe waje kafin ya gama. A duk shekarun nan ko gilashin agogo bai taɓa fasa wa kowa ba, kuma wannan ne abin alfaharinsa a duniya.

Ranar da ba aiki yakan shimfiɗa igiyoyin a barandarmu, daga ƙofar ɗaki har bakin matakala, ya bi su da yatsu taƙi-taƙi, idonsa a rufe. Wai yatsa ya fi ido ganin inda zare ya fara cinyewa. Inna takan tsallake su da bahon wanki tana mita.

"Malam, macizan nan naka sai sun karya ni wata rana."

"Yi musu haƙuri," in ji shi, ko ido bai buɗe ba. "Su suke dawo miki da ni kullum da yamma."

Yana da wata ƙa'ida da bai taɓa karyawa ba. Duk wani abu mai ƙarfe da zai hau da shi, sai ya ɗaure shi da siririyar igiya a bel ɗinsa: magogin roba mai hannun ƙarfe, wuƙar kankare kashin tsuntsaye, sifana, har makullin gidanmu. In yana tafiya sai ka ji yana ƙara kamar akuya mai ƙararrawa. Abu ɗaya ne kaɗai ba ya ɗaurewa, shi ne soso. Ina 'yar shekara takwas na tambaye shi dalili.

"Uwata, soso ba ya kisa," ya ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka. "Komai in ya faɗo gudu yake ƙarawa, amma ba har abada ba. Iska tana tare shi. Yana ƙara gudu tana ƙara tokare shi, har su yi kunnen doki. Daga nan ya ƙoshi, ba ƙari ba ragi har ƙasa. Soso yana ƙoshi tun bai wuce hawa huɗu ba. Ki sake shi daga na biyar, ki sake shi daga na ashirin, da ƙarfi ɗaya zai taɓa ƙasa. Shi kuwa ƙarfe mayunwaci ne, ginin nan kaf bai isa ya ƙosar da shi ba."

Ya yago takarda biyu daga tsohon littafina, ya dunƙule ɗaya ya bar ɗaya a shimfiɗe, muka sake su daga saman matakala. Dunƙulalliyar ta riga sauka, ɗayar ta biyo baya tana rangaji. Ya ce nauyinsu ɗaya, bambancin kawai ɗaya ta ba iska wurin riƙewa. Ya ce in duba ruwan sama ma, daga can nesa yake tahowa, da ba ya ƙoshi da ɗigo ɗaya ya isa ya huda mini kai. Na yi mako guda ina sakin kayan Inna daga matakala, har ranar da na saki ludayinta na ci duka.

Sai makaranta ta shiga tsakani. A sakandare aka koya mana cewa duk abin da ya faɗo yana ƙara kusan mita goma a kan gudunsa kowane sakan, ƙarami da babba, mai nauyi da marar nauyi. Kowace tambaya a littafinmu da magana ɗaya take farawa: a ɗauka babu iska. Na karanta wannan jimlar sau ɗari-ɗari har idona ya daina ganin ta. Na riƙa cin maki, malamai suna yabo, kaina yana kumbura. Da na shiga jami'a karatun fiziks kuwa, sai na fara jin maganganun Baba kamar tatsuniya. In ya fara zancen ƙoshi sai in yi murmushin nan na tausayi da 'yan boko suke yi wa iyayensu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa nawa har wuya ya shaƙe ni ban sani ba.

Da muka yi hutun ƙarshen shekarar farko, Baba ya roƙi manajan wani bene mai hawa ashirin, inda ya fi shekara goma yana wanki, ya ɗauke ni aikin hutu. Aka ba ni tebur a ofishin da ke hawa na shida, kusa da taga, ina jera fayil ina buga wasiƙu. Manaja kaɗai ya san ko ni 'yar wace ce. Sauran ma'aikatan ban faɗa musu ba, ban kuma yi niyya ba.

Ranar farko da wanki ya zo ta gefenmu, ina zaune sai na ga takalmansa sun sauko ta saman taga, sannan gwiwoyi, sannan fuskarsa cikin hular kwano, yana murmushi har kunne. Ya ɗaga mini hannu da soso a ciki. Wata da ke teburin gefena ta ce, "Ke, Jemage na gaishe ki." Na tashi na ja labule. Na ce rana ce take haske mini takarda. Daga ranar, duk lokacin da na ji ƙarar ƙarafunansa suna matsowa sai in ja labulen tun kafin ya iso. Da yamma mu haɗu a tashar mota, ya tambaye ni ya aiki, in ce lafiya. Bai taɓa ta da zancen ba.

A mako na biyar abin ya faru. Akwai wata rumfar gilashi a saman ƙofar shiga ginin, mai kare mutane daga ruwa. Wata safiyar Talata, wajen ƙarfe goma, muka ji ƙara kamar an jefar da tiren kofuna. Rumfar ta tarwatse, wani yanki ya yanki wata mata mai goge dakali a kafaɗa, aka kai ta asibiti aka yi mata ɗinki. Da aka duba, sai ga soson Baba kwance a kan tarkacen gilashin. Baba kuma yana can a hawa na ashirin, daidai saman wurin.

Manajan ba mugu ba ne, tsoro ne ya cika shi. Masu ginin za su zo washegari, yana so kafin su iso a ce ga mai laifi, ga takarda, magana ta ƙare. Ya kira Baba ofis, ya kira maigadin ƙofa, ma'aikata suka taru a bakin ƙofa suna leƙe. Baba ya tsaya da hularsa a hannu, igiya ta bar masa shaida a wando. Kowa a ɗakin ya san abin da ke kan tebur. In aka rubuta sakaci a takardar mai hawa igiya, ba wani gini da zai sake ba shi rufinsa.

"Soson nawa ne, ranka ya daɗe," in ji Baba. "Amma ba shi ya fasa ba. Ƙarar na ji na leƙa, a nan ya suɓuce mini. Gilashin ya riga ya fashe kafin ya bar hannuna. Kuma ko da bai fashe ba, soso ba ya fasa gilashi."

"Daga hawa ashirin?"

"Ko daga hawa ɗari ne."

Manaja ya shafa kansa. Can sai ya hango ni a cikin masu leƙe, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci makullinsa.

"Yauwa. Ga 'yarka nan, fiziks take karantawa a jami'a. Ita dai ba za ta cuce ka ba. Zo ki lissafa mana."

Duk suka juyo suka dube ni. Wadda ke teburin gefena ta buɗe baki ta kasa rufewa. Sirrin da na yi mako biyar ina ja wa labule ya tonu a gaban kowa, kuma abin da ya zo mini a rai ba wai in ceci ubana ba ne. Abin da ya zo mini shi ne in nuna musu ni ba irin shi ba ce, ni tasu ce. Wallahi abin da na ji ke nan, ba zan yi masa kwalliya ba.

Na karɓi biro da kalkuleta. Hawa ashirin, mita sittin. Ko minti biyu ban yi ba. Na ɗaga kai na ce soson zai iso ƙasa cikin sakan uku da rabi, da gudun da ya haura kilomita ɗari da ashirin a awa. Na ƙara da cewa gudun mota ne a babban titi, don wanda bai gane lamba ba ya gane.

"Ba haka ba ne, Uwata," Baba ya ce a hankali. "Na bi shi da ido. Bakwai na ƙirga kafin ya sauka."

"Baba, ƙirga da baki ba lissafi ba ne."

Ya matso ya dubi takardar, shi da ba ya iya karanta komai a cikinta. Ya daɗe yana dubawa.

"Kin sa iska a ciki?"

Na yi 'yar dariya. Har yau ina jin sautinta a kunnena.

"Baba, a kimiyya ba a sa iska. Ba ta da wani tasiri."

Wani a bakin ƙofa ya tuntsire. Baba ya dube ni, ba da fushi ba, irin duban da yake yi wa igiya in ya tarar da inda ta fara cinyewa. Sannan ya ce, "To. Tunda Uwata ta faɗa." Manaja ya buga rahoto, ya haɗa lissafina a baya, ya ce in sa hannu a ƙasa. Na sa, har da lanƙwasa. Baba ma ya sa nasa, harshe a waje. Aka ba shi takardar sallama mai cewa an kore shi saboda sakacin da ya jawo rauni. Ni kuma da hutu ya ƙare aka ba ni takardar yabo, mai cewa na nuna ƙwarewa da riƙon gaskiya.

A gida Inna magana ɗaya ta yi mini, tana ninke kaya, ba ta ko dube ni ba.

"Mun tura ki ki koyo abin da za ki ɗaga mu, kin koyo abin da kika sauko da shi."

"Bar ta," in ji Baba. "Lissafi ta yi."

Ya zaga gine-gine bakwai ko takwas, kowa ya karanta takardar ya miƙo masa. Ƙarshe ya samu wuri a wani wajen wankin mota a bayan tasha. Mutumin da tsuntsaye suke wucewa ta ƙasansa ya koma durƙuso yana wanke taya. Amma bai daina shimfiɗa igiyoyinsa ba. Duk ranar hutu suna nan a baranda, yana bin su da yatsu, ido a rufe. Yakan ce gaskiya ba ta kwana a rami, wata rana za a kira shi, bai kamata kira ya zo ya tarar da igiya ta lalace ba. Inna ta daina mita a kansu, tana tsallakewa kawai.

Wata huɗu bayan haka, a shekarata ta biyu, wani tsohon malami ya shigo aji da kofin takarda a hannu, ya hau kan kujera ya sake shi. Ya ce duk abin da aka koya mana na "a ɗauka babu iska" abincin yara ne, yau za mu fara cin na manya. Ya ce iska tana tura duk abin da ke ratsa ta, kuma in gudu ya ninka biyu turin yana ninka huɗu. Abu yana faɗowa turin yana ƙaruwa, har ya zo daidai da nauyinsa. Daga nan ba sauran ƙarin gudu, abin zai ci gaba da saukowa da gudu ɗaya har ƙasa. Ya ce wannan shi ne iyakar gudu, kuma kowane abu da tasa: mai faɗi marar nauyi yana kai wa tasa da wuri, dunƙulalle mai nauyi sai ya yi tafiya mai nisa. Har misalin ruwan sama ya kawo. Na zauna biro a hannu ban rubuta ko harafi ba. Maganar Baba ce tsaf, an dai sa mata alli da lambobi.

Da aka tashi na je na sayi soso irin nasa, na jiƙa na matse yadda yake yi, na ɗora a sikelin ɗakin gwaji. Giram sittin. Na auna faɗinsa, na zauna na yi lissafin, wannan karon da iska. Mita tara a sakan, wato kilomita talatin da 'yan kai a awa, gudun keke a gangara. Kuma kusan duk gudun yana samun sa ne kafin ya wuce hawa huɗu. Lokacin saukowa daga mita sittin kuwa, sakan bakwai da ɗigo uku. Na sake yi sau uku ko zan samu kuskure. Na shiga banɗaki na kulle, na zauna a ƙasa har mai shara ta buga ƙofa.

To, nan ne inda labarin ya kamata ya ƙare. Yarinya ta gane kuskurenta, ta ruga gida, ta durƙusa. Ban ruga ba. Na ce bari a gama jarrabawa. Aka gama, na ce bari in samu yadda zan faɗa. Na ce in na je wurin manaja zai ce to me ya fasa rumfar, ni kuma ba ni da amsa. Na ce in aka buɗe rahoton, sa hannuna za a fara gani. Ni da bakina ba ya shiru a ko'ina, ni da nake gyara wa malamai kuskure a allo, na kasa haɗa kalma huɗu in ce Baba, kai ke da gaskiya. Na farko jahilci ne, ana yafe shi. Wannan kuwa ragwanci ne tsantsa, kuma da saninsa na yi. Na rage zuwa gida, don ba na iya tsallake igiyoyin nan. Da na gama karatu na samu koyarwa, sai na kama ɗaki a can wani gefen gari, na riƙa aika gaisuwa ta waya. Haka na ci shekara huɗu.

Wata ɗaliba ce ta taso ni. Ina rubuta tambaya a allo, na rubuta jimlar nan da hannuna, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, me ya sa kullum muke ɗauka babu iska, alhali akwai?" 'Yan aji suka yi mata dariya. Dariyar nan ce ta gama da ni, don na san ta. Washegari na nemi izini a makaranta na tafi ginin.

Tsohon manaja ya bar wurin, wata mata ce a kujerar. Amma maigadin yana nan, ya ƙara furfura. Ya gane ni tun daga nesa, bai kuma yi murnar ganina ba. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ja durowar teburinsa ya fito da wani noti na ƙarfe, girman babban yatsa, ya yi tsatsa.

"Masu canza rumfa suka tsince shi a cikin magudanar ruwa, kwana goma bayan abin. Irin na ƙafar na'urar sanyaya ɗaki ne. Ranar akwai masu gyara a hawa na sha bakwai."

"Me ya sa ba ka kai wa manaja ba?"

"Babanki na fara kai wa. Ya juya shi a hannu, ya ce in ajiye. Ya ce in aka buɗe maganar, takardarki za a fara yagawa, ke kuma yanzu kika fara. Ya ce ke da kanki za ki gano, in kin gano za ki zo." Ya rufe durowar. "Kin dai zo."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Sabuwar manajar ta saurare ni, ta karanta tsohon rahoton, ta dubi notin, ta ce gani ya kori ji. Aka tare hanya a ƙasa, maigadi ya tsaya da agogo, ni kuma aka hau da ni hawa na ashirin aka buɗe mini taga. Ban taɓa leƙa ƙasa daga nan ba. Motoci sun koma kamar akwatin ashana, na riƙe ƙarfen taga da hannu biyu. Iskar da na ce ba ta da tasiri ta kusa cire mini ɗankwali. A nan mutumin nan ya yi rabin rayuwarsa, a kan katako, ni kuma na tsaya a kan kafet na koya masa iska. Na saki jiƙaƙƙen soso irin na Baba da na hau da shi. Ya yi sauri da farko, sannan ya daidaita, yana juyawa yana tafiya abinsa ba gaggawa. Na ƙirga da baki, yadda na ce ba lissafi ba ne. Ina cewa bakwai ya sauka a kan sabuwar rumfar, ya yi ɗan tsalle ya kwanta. Ko tsaga babu.

Mako biyu aka yi kafin takarda ta fito. An janye maganar sakaci, an ce ba shi da laifi, an ce in yana so ƙofa a buɗe take ya dawo bakin aikinsa. Na ɗauke ta ban tsaya ko'ina ba sai wajen wankin mota.

Na tarar da shi a durƙushe gefen wata farar mota. Ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Ya ga ni ya miƙe da ƙyar, yana share hannu a riga.

"A'a, Uwata. Yau a gari?"

Na durƙusa a cikin ruwan sabulun nan, ban damu da zanena ba. Na ce masa komai. Na ce shi ke da gaskiya, na ce na sani tun shekara huɗu na yi shiru, na ce ba don rana nake jan labule ba. Ya ce ya sani, in tashi mutane suna kallo. Ya ce in karanta masa takardar. Na karanta. Ya ce in sake, na sake.

"Nawa kika ƙirga?"

"Bakwai."

"Da ɗan ɗori."

"Da ɗan ɗori, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ji daɗi ƙwarai, na ga haka a fuskarsa. Na tambaye shi me ya sa bai ce a gwada ba tun ranar, a gaban manaja. Ai soso ne da taga, minti biyar ya isa.

"Na yi tunanin haka," ya ce. "Amma ranar dole ɗayanmu ya faɗo a gaban mutanen nan. Na duba na ga ni na san yadda ake faɗowa, ke ba ki sani ba."

Na ce to yanzu ai sai ya koma, sun ce ko gobe. Na ce ni zan raka shi, ni zan ɗaukar masa igiyoyin. Sannan ya miƙo hannu zai karɓi takardar, sai na ga tana kaɗawa tun kafin ya riƙe ta sosai. Yatsun nan masu kama da filaya rawa suke yi, ba sa tsayawa. Ban sani ba, don ban zo ba.

"Igiyoyin na bayar da su watan jiya," ya ce. "Yatsun sun daina jin zare tun bara. Wanda ba ya jin igiyarsa ba ya hawa." Ya ninke takardar huɗu, a hankali, don kada ta jiƙe, ya sa a aljihun gaba ya danna maɓalli. "Takarda ta yi kyau, Uwata. Allah ya yi miki albarka. Da tun bara waccan takardar ta zo, da na koma."

Ba da gori ya faɗa ba, lissafi kawai ya yi, kuma daidai ne. Mai motar ya danna ham daga inda yake zaune. Baba ya sunkuya zai ɗauki soso daga bokiti, ya suɓuce masa ya faɗa ƙasa. Na ɗauka na matse, na zaga ɗaya gefen na fara daga gilashin baya.